Haruffan Talla Masu Kauri: Nazari a Kan Cooper Black

Masu aikin ɗab'i sun raba haruffa gida biyu. Akwai waɗanda a ke shirya jikin littafi da su, waɗanda kyansu shi ne mai karatu ya manta da su, hankalinsa ya tafi ga ma'ana. Akwai kuma waɗanda aka yi musamman domin su fizgi ido daga nesa, watau na kanun labarai, da takardun talla da a ke mannawa a bango, da tambarin kamfani. Manufar wannan takarda ita ce a duba ɗaya daga cikin kashi na biyu, a ga inda ya yi kyau, da kuma inda irinsa ya gaza wa Hausa.

Haruffa masu kauri sun samo asali ne a Ingila a farkon ƙarni na 19, sa'ad da talla ta yawaita. Amma wanda ya fi shahara cikin masu fara'a shi ne Cooper Black, wanda Oswald Cooper ya zana, kamfanin Barnhart Brothers & Spindler na birnin Shikago a Amurka ya fitar a 1922. Duk wanda ya dube shi da kyau zai lura da abu uku. Na farko, ba shi da kusurwa mai tsini ko ɗaya; ƙafafun haruffan duk a dunƙule su ke, kamar tawada ta ɗan malala. Na biyu, farin da ke cikin harafi ƙanƙane ne ƙwarai. Na uku, farin da ke cikin o a karkace ya ke, ɗigon i kuwa ba da'ira sosai ba ne. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne su ka ba shi alamar raha. Shi ya sa aka sa shi a bangon faifan Pet Sounds a 1966, kamfanin jiragen sama na easyJet kuma ya ɗauke shi ya yi tambari da shi.

Ga mai nazarin harshe, siffar harafi tamkar murya ce ga magana. Kalma ɗaya a na iya faɗinta da tsawa ko da wasa, ma'anarta ba ta sāke ba, amma mai saurare ya ji bambanci. Cooper Black yana ɗaga murya ba tare da tsawa ba, wannan kuwa abin yabo ne. Aibinsa shi ne ba ya jure tsawon zance. In aka jera layi biyar da shi, farin cikin haruffan sai ya toshe, ido ya gaji. Haka kuma bai dace da kowane batu ba, gama ba a sanar da rasuwa da muryar wasa.

To, akwai wata matsala wadda ta shafe mu kai tsaye. Tun shekarun 1930 aka karɓi haruffa masu ƙugiya a rubutun boko, watau ɓ, ɗ da ƙ; a Nijar har da ƴ. Ƙugiyar nan ba ado ba ce. Ita ce ta raba fada da faɗa, kasa da ƙasa, bata da ɓata, baki da baƙi. Cooper ya zana haruffansa ne domin Turanci, kuma yawancin haruffan talla da su ka biyo bayansa ba su da masu ƙugiya. Akwai dalili. A tsarin Unicode, wanda kwamfuta ke bi, an ajiye ƙananan ɓ da ɗ cikin rukunin alamomin ilmin furuci, Ɓ, Ɗ, Ƙ da ƙ kuma a wani rukuni dabam, alhali masu zana haruffan kasuwa sukan tsaya ne ga bukatun harsunan Turai. An yi ƙoƙarin gyara, kamar haruffan Pan-Nigerian na shekarun 1980 waɗanda Hermann Zapf na Jamus ya sa hannu a ciki, da irin su Charis da Andika daga baya, amma duk domin jikin rubutu aka yi su.

Sakamakon haka a bayyane ya ke a bangon littattafai da fastocin fim. Ko dai mai shiri ya jefar da ƙugiyar, ko kuwa kwamfuta ta aro siririn harafi daga wani jeri ta cusa a tsakiyar masu kauri, ya zama kamar akuya cikin shanu. Abin takaicin shi ne, harafin da ya fi girma a shafi, wanda yaro mai koyon karatu ya ke fara gani, shi ne ya fi yawan kuskure.

Ba a ce gyaran ya gagara ba. Hasali ma siffar Cooper Black ta dace da ƙugiya, domin kan f nasa mai dunƙule ya isa a ɗauki misalin lanƙwasar ƙ da ɓ daga gare shi. Abin da a ke bukata shi ne mai zane ya rage kaurin ƙugiyar kaɗan, ya bar fili tsakaninta da harafin da ke biye, don kada tawada ta haɗe su.

Saboda haka ya kamata malaman kwalejojin horon malamai, in za su shirya allon bango ko su zaɓi littafin 'yan firamare, su gwada harafi da kalmomi kamar ƙarfi, ɗaki da ɓera kafin su yarda da shi. In ya kasa rubuta su daidai, a nemi wani, kome kyansa.