Jinjina Ga Masu Saƙa Safar Kirsimeti

A Ingila da Amurka, daren 24 ga Disamba yara kan rataye safa a bakin murhun ɗumama ɗaki, da safe su tarar da alewa, lemo da 'yan kyaututtuka a ciki. Ana danganta al'adar da Saint Nicholas, bishop na garin Myra a Turkiyya ta yau, wanda ya rayu a ƙarni na 4. Kantuna maƙil suke da safar inji, amma akwai waɗanda suka ce atafau sai ta hannunsu. Su nake yi wa jinjina.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Mai saƙa kan tafi da ulu kala biyu a layi ɗaya, salon tsibirin Fair Isle na Sukotland, tana goya ɗayan ta baya. In ta ja shi da ƙarfi safar ta tsuke, in ta sake shi yatsan yaro ya maƙale. Ga kuma diddige, inda 'yan koyo suka fi warware aiki su sake. A wuyan safar akan saƙa sunan mai ita.

Abin da ya fi burge ni shi ne alkawarin da suke yi wa kansu tun Janairu. Wata ta ƙudura bana sai ta iya juya diddige ba ta duba takardar umarnin saƙa ba. Kaka kuwa lissafinta daban: duk jikan da aka haifa sai ya samu tasa kafin Disamba, ko da za ta raba dare tana saƙa.