Jarumin Labarin Matasa Ya Sauko Filin Dambe

Marubutan littattafan yaƙi da aljannu sun daɗe suna kai matasanmu biranen da aka ƙago da sunayen Larabawa, inda jarumi ɗaya tilo ke karkashe dubban dakaru da takobi. A ganina lokaci ya yi da za su dawo da labarin gida, su gina shi a kan wasanninmu. Ɗan dambe ba ya shiga fili shi kaɗai: akwai mai ɗaure masa hannu, da makaɗin da ke zuga shi da kalangu, da 'yan ɓangarensa, Kudu ko Arewa ko Guramada, masu ɗaukar faɗuwarsa tamkar tasu. Sunan ɗan dambe Shago ya kai ga jikoki ne saboda makaɗi Ɗan Anace ya waƙe shi. A langa ma, ruwa ba ya sha sai abokansa sun share masa hanya. Wannan abotar ce jarumin takobi ya rasa, ita ce kuma yaro ɗan shekara 15 ya fi bukatar gani.

Abin al'ajabi kuwa ba sai an aro ba. Dutsen Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bunguɗu ta jihar Zamfara, cike yake da labaran iskoki da na kamun maiki, ga kuma 'yan taurin da Kassu Zurmi ya yi wa waƙa. Nnedi Okorafor ta gwada irin wannan a littafinta Akata Witch a 2011: yarinya zabiya mai son ƙwallon ƙafa da abokanta uku, a ƙasar Ibo, kuma duniya ta karanta.

Wasu za su ce laya da iskoki hanyar shirka ce. Damuwarsu abin dubawa ce, amma Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, tun 1934, da aljannu a cikinsu, an karanta su a makarantu, imanin kowa bai girgiza ba. Marubuci na da ikon nuna cewa guru bai hana gwani shan ƙasa. Wasu kuma za su ce Zamfara ta gaji da tashin hankali. Ai dambe faɗa ne mai doka: akwai alƙali, akwai turmi, wanda ya faɗi ba a sake dukansa. Yaron da ya tashi yana jin ƙarar bindiga ya cancanci littafin da zai nuna masa ƙarfi mai iyaka, da abokin karawar da ake gaisawa da shi bayan an tashi wasa.