Gwanintar Masu Ɗaura Na'urar Rezo

Hanyar da ta tashi daga birnin Damagaram ta nufi Magarya da iyakar Najeriya ta ratsa ta garin Dogo, a gundumar Mirya. Tana cikin hanyoyin da aka zaɓa don shimfiɗa wayar gilashi ta babban aikin nan na ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya amince da ba da kuɗinsa a 2016, kuma rabon Nijar a cikinsa ya haura kilomita 1,000. Ana yawan maganar tsawon wayar da kuɗin da ta ci. Amma waya komai tsawonta a wani ɗaki take ƙarewa, cikin wani kabad na ƙarfe, a jikin wata na'ura mai ƙananan fitilu. Ranar da ma'aikatar magajin gari ko makaranta ko gidan likita a gari irin Dogo za su ci moriyar wannan waya, hannun mutum ɗaya ne zai tabbatar da haka: wanda ya ɗaura na'urar, ya ba ta wuta, ya saita ta. Shi nake so mu duba, domin aikinsa ya fi yadda ake ganinsa nisa.

Kabad ɗin da masu sana'ar ke kira rak yana da awo ɗaya a duk duniya. Faɗin fuskar na'urar da ke shiga cikinsa inci 19 ne, wato santimita 48 da ɗoriya, awon da ya samo asali daga kamfanin tarho na AT&T a Amurka tun wajen 1922. Tsayi kuma ana lissafa shi da U, kowane U milimita 44.45. Babban rak yakan ɗauki U 42, ƙananan da ake maƙalawa a bango kuwa 6 ko 9 ko 12. Saboda wannan daidaito ne na'urorin rezo, wato na sadarwar kwamfuta, irin su ruta da aka ƙera a Sin da suwic da aka ƙera a Turai, suke zama a rak ɗaya a Damagaram ba tare da an nemi maƙeri ba. Sai dai akwai tarko. Kowane U yana da huda uku a jikin ginshiƙin, kuma tazarar hudojin ba ɗaya ba ce: biyu masu faɗi, ɗaya matsattsiya, a nan U ɗaya ke ƙarewa wani ya fara. Sabon shiga yakan fara daga hudar da ta yi masa daɗi, sai ya tarar kusoshin ƙasa sun shiga na sama sun ƙi, ya shiga dannawa da ƙarfi. Gwani yana ƙirga hudojin da yatsa, ya sa alama a ginshiƙan biyu, sannan ya buɗe kwali.

Kafin wannan ma ya riga ya yi hira da ɗakin. Ya ƙwanƙwasa bango ya ji ko bulo ne ko ginin ƙasa da aka yaɓe da siminti, domin kabad mai nauyi da aka rataya a ginin ƙasa yana jiran damina ɗaya ne ya sauko da abin da ke cikinsa. Ya ɗaga kai ya nemi tabon yoyo a rufi. Ya lura da inda rana ke bugu da la'asar. Idan ya ce wurin da aka nuna masa bai yi ba, ba tsirfa yake yi ba.

Sai jeri. Mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama. Ondila, wato na'urar da ke riƙe wuta a batir idan an ɗauke kuran, takan kai kilo 30 ko fiye, don haka ita ce a gindi. Idan aka ɗora ta sama, ranar da aka jawo wata na'ura waje don gyara, rak ɗin na iya rinjaya ya faɗo wa mai gyaran. Kuma ba a ɗaga irin wannan kaya mutum ɗaya. Za ka ji maigida ya ce wa yaronsa, "Riƙe ta ƙasa, kada ka saki sai na ce maka ta zauna," shi kuma ya amsa, "To, maigida, na riƙe." Yakan fara da kusoshin ƙasa, domin su ke ɗaukar nauyi, ya sa duka huɗun sako-sako, sai ya ga na'urar ta daidaita sannan ya ƙara ɗaure su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ga ana haka zai ce ɓata lokaci ne. Sannu ba ta hana zuwa.

A ƙasarmu zafi ne babban abokin gabar wannan kaya. Duk wutar da na'ura ta ci, zafi take komawa, kuma dole ya sami hanyar fita. Ƙwararru kan ba da shawarar iskar da ke shiga irin waɗannan na'urori ta kasance tsakanin digiri 18 da 27, da yawa daga na'urorin kuma an ƙera su ne su jure zuwa 40. To a watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram kan wuce 40 a inuwa, balle ɗaki mai rufin kwano da aka kulle. Galibin na'urorin suna shaƙar iska ta gaba su fitar ta baya. Gwani yakan sa tafin hannunsa ya tabbatar da wannan ga kowace ɗaya, domin akwai waɗanda aka ƙera da akasin haka, kuma idan aka juya ɗaya sai ta yi ta hura wa ƴar uwarta zafi a fuska. Guraben da babu komai yakan rufe su da faranti, kada iska mai zafi ta kewayo gaba a sake shaƙar ta. Batir ne ke fara biyan kuɗin sakaci: irin na darma an lissafa rayuwarsa a kan digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 ko kusa da haka yana rage ta da rabi. Shi ya sa batirin da aka ce zai yi shekaru yakan kumbura tun ba a je ko'ina ba, a yi ta zagin mai sayarwa, alhali ɗakin ne ya dafa shi.

Inda na fi jinjina wa masu wannan sana'a shi ne wayar ƙasa. Waya ce mai launin kore da rawaya, ba ta ɗaukar saƙo, ba ta kunna fitila ko ɗaya, kuma idan aka cire ta yau komai zai ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru. Don haka ita ce ta farko da mai neman ragi ke cewa a bari. Aikinta shi ne idan wuta ta ɓalle ta taɓa jikin ƙarfe, ko tsawa ta turo wuta mai ƙarfi ta cikin layi, ta ba ta hanya mai sauƙi zuwa cikin ƙasa, maimakon ta bi ta jikin mutum ko ta cikin na'ura. Ƙa'idar gwanaye a nan ba ta canzawa: ita ake fara ɗaurawa, ita ake cirewa a ƙarshe. Yakan kankare fenti a inda zai ɗaure ta a jikin rak, ƙarfe ya taɓa ƙarfe, har ƙofar kabad ɗin sai ya haɗa mata tata.

Ɗaya bakin wayar yana zuwa ga sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa, kuma a nan sanin wuri ke aiki. Busasshen rairayi ba ya karɓar wuta da kyau, dutse kuwa ya fi shi taurin kai, kuma duk wanda ya san unguwar Birni ya san irin duwatsun da Damagaram ke zaune a kai. Can kudu, wajen kwarin Korama, ruwa ya fi kusa da sama, sanda ɗaya mai tsawo na iya samun danshi. Gwani ba ya kintace. Yana aunawa da na'ura, yana neman awon ya nuna ƙasa da om 10, a wuraren sadarwa ma sukan nemi 5. Kuma ya fi gaskata awon da ya yi da rani, domin da damina kowace ƙasa takan yi kyau. Idan awo bai kai ba ya ƙara sanduna, ya ba su tazara, ya haɗa su. An saba zuba gawayi da gishiri a ramin, kuma awo yakan sauka nan take, amma shi ya san gishiri yana cin ƙarfe, ruwa kuma yana wanke shi, don haka ba ya dogara da shi. Haka nan idan za a haɗa gini da gini, ya fi son wayar gilashi a kan ta jan ƙarfe, ba don nisa kaɗai ba, ko da yake ta jan ƙarfen ba ta wuce mita 100. Dalilinsa shi ne gilashi ba ya ɗaukar wuta, tsawar da ta faɗi kusa da gini ɗaya ba za ta bi shi ta ƙone kayan ɗayan ba.

Da hunturu kuma wata wutar ce. Kowa ya san tartsatsin da ke cizon yatsa idan an taɓa ƙofar mota lokacin da iska ta bushe. Kafin mutum ya ji wannan cizon, wutar da ta taru a jikinsa ta kai wajen bolt 3,000, alhali wasu sassan cikin na'ura ƙasa da 100 na iya lalata su. Mafi muni, sau da yawa ba sa mutuwa a take, sai bayan watanni su fara rikici ba a san dalili ba. Wannan ne amfanin igiyar da gwani ke ɗaurawa a wuyan hannu ya maƙala bakinta a jikin rak. Ƙurar hunturun ma tana da nata: cibiyar wayar gilashi da haske ke bi faɗinta maikuron 9 ne, ya fi gashin kai sirantaka sau da yawa, ƙwayar ƙura ɗaya na iya tare shi. Don haka ba ya cire murfin bakin wayar sai daidai lokacin soka ta, ya goge, ya soka. Ba ya lanƙwasa ta sosai, kuma ba ya taɓa leƙa bakinta don ya ga ko da haske, domin hasken da ke ciki ido ba ya ganinsa amma yana iya yi masa lahani. Wannan shi ne abin da yake fara tsawata wa yaronsa a kai.

Batun kuran kuwa mutanen wannan yanki ba sai an ba su labari ba. Wutar Damagaram da Maradi wani kaso nata daga Najeriya yake zuwa ta layin Katsina, kuma an ga abin da ya biyo baya da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, har zuwa Maris na 2024. Wurare da dama sun koma kan janareta da hasken rana. Lokacin sauyawa daga wata wuta zuwa wata shi ne mafi hatsari ga na'ura, don haka gwani yakan auna abin da ke fitowa daga bango ya ga ko yana kusa da bolt 230 kafin ya soka komai. Idan na'urar na da bakin wuta biyu, ba ya haɗa su a tushe ɗaya, in ba haka ba biyun sun zama ɗaya.

Sai bayan duk wannan ake kunnawa, kuma ko a nan ba ya haɗa na'urar da sauran rezo. Yakan shiga cikinta kai tsaye daga kwamfutarsa ta wata waya ta musamman, abu na farko ya canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame ɗimbin na'urori a faɗin duniya ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomin da ba a canza ba, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafukan intanet a watan Oktoban shekarar. Na'urar da ke Dogo, da zarar ta hau intanet, maƙwabciyar kowa ce a duniya. Yakan rufe bakunan da ba a amfani da su, domin waya ɗaya da wani ya soka kai da gindi a suwic ɗaya tana iya tsayar da rezon ofis gaba ɗaya. Ya buɗe wa kansa amintacciyar hanyar duba ta daga nesa, kada ƙaramar matsala ta sa shi hawa babur daga birni. Ya adana saitin a cikin na'urar, ya ajiye kwafi a waje. Kowace waya ya rubuta mata suna a bakinta biyu, saboda wanda zai zo bayansa.

Gwajinsa na ƙarshe shi ya fi burge ni. Bayan komai ya tashi, fitilu sun yi kore, mai ofis ya fara godiya, sai ya miƙa hannu ya kashe wutar da gangan. Yana so ya ga ondila ta karɓa ba tare da na'ura ta ƙifta ba. Sannan ya kashe duka, ya mayar, ya koma gefe ya harɗe hannu, ya ga ko komai zai dawo daidai ba tare da ya taɓa ba. Ya san ranar da haka za ta faru da gaske, da tsakar dare ne, shi kuma yana wani gari. Damagaram ta daɗe da sanin darajar mai aikin hannu, tun zamanin Sarki Tanimu da maƙeransa ke zuba igwa a cikin birni, kuma ban ga abin da zai hana a sa waɗannan matasa a wannan sahu ba.

Saura ku masu riƙe da makullin ɗakin, shugabannin makarantu da na gidajen likita da ma'aikatan magajin gari. Idan gwani ya sa kuɗin sandar ƙasa da na'urar kare tsawa a lissafinsa, kada ku soke su. Idan ya ce aikin kwana biyu ne, kada ku matsa masa ya gama kafin azahar. Bayan ya tafi, kada a mayar da ɗakin sito, kada a jingina buhu a bayan kabad, kada a soka tukunyar shayi ko cajin waya a jikin ondila. A share ƙura, a bar iska ta wuce, kuma a kira shi ya sake auna wayar ƙasa kafin ruwan farko ya sauka.