Musulmin Kirki da Mugun Musulmi: Sharhi a kan Littafin Mahmood Mamdani ta Fuskar Muhawarar 'Yan Gudun Hijira

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin sharhi a kan littafin nan na Shaihun Malami Mahmood Mamdani mai suna Good Muslim, Bad Muslim, watau Musulmin Kirki da Mugun Musulmi, wanda aka buga a Amurka cikin 2004. Ba mu yi niyyar bin littafin babi-babi ba, domin lokacin da aka ba mu a wannan taro ba zai isa ba. Abin da za mu yi shi ne mu ɗauki babbar hujjarsa mu gwada ta da wani al'amari da ya auku shekara 11 bayan fitowarsa, watau muhawarar da ta ɓarke a Amurka da Turai cikin 2015 game da karɓar 'yan gudun hijirar Siriya. A ganinmu, littafin da ya yi iƙirarin gano tushen ta'addanci, abin da ya biyo bayansa shi ne ma'auninsa.

Za mu yi ƙoƙari mu nuna cewa marubucin ya dace ƙwarai wajen bayyana irin kallon da ake yi wa Musulmi, amma ya yi rauni wajen bayyana inda ta'addanci yake tsirowa, kuma wannan rauni yana da haɗari ga masu karatu irinmu.

2.0 Marubucin da Jigon Littafinsa

An haifi Mamdani a Bombai ta ƙasar Indiya cikin 1946, ya tashi a Kamfala ta ƙasar Yuganda. A 1972, lokacin da Idi Amin ya kori mutanen da asalinsu Asiya ne, yana cikin waɗanda suka tsinci kansu a Ingila a matsayin 'yan gudun hijira, kuma a kan wannan kora ya rubuta littafi a 1973. Daga baya ya koyar a jami'o'in Darussalam da Makerere da Kolombiya ta birnin Niyok. Ke nan mutum ne da ya ɗanɗana abin da ake nufi da a hukunta mutum saboda jinsinsa, ba saboda abin da hannunsa ya aikata ba.

Jigon littafin ya tsaya ne a kan ƙafa biyu. Ƙafa ta farko ita ce sukar abin da za mu iya kira zancen al'ada, watau ɗabi'ar fassara siyasar mutane daga addininsu ko al'adarsu kawai, kamar dai al'ada wani dutse ne da tarihi ba ya taɓa shi. A nan ya ɗora alhaki a kan masana biyu, Bernard Lewis, wanda ya rubuta maƙala a 1990 game da abin da ya kira fushin Musulmi, da Samuel Huntington, wanda ya fito da ra'ayin karon wayewar kai a 1993. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, shugabannin Amurka sun riƙa cewa ba da Musulunci suke yaƙi ba, da miyagun Musulmi suke yi. Mamdani ya lura cewa wannan magana, duk da taushinta, tana ɗauke da ƙaya, domin ta mai da kowane Musulmi abin tuhuma har sai ya kawo shaidar cewa shi na kirki ne. Shaidar kuwa, in an duba, ba yawan ibada ko kyawun hali ake nema ba, goyon bayan manufofin Amurka ake nema.

Ƙafa ta biyu tarihi ce. Marubucin ya ce bayan Amurka ta sha kashi a Biyetnam a 1975, sai ta koma yaƙi ta hannun 'yan kore a ƙarshen Yaƙin Cacar Baka. Ya kawo misalin ƙungiyar Unita a Angola, da Renamo a Mozambik wadda gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta ɗauki nauyinta, da 'yan Kwantara a Nikaraguwa. Ƙololuwar wannan siyasa ita ce Afganistan, inda daga 1979 zuwa 1989 hukumar leƙen asirin Amurka ta haɗa kai da ta Pakistan, da kuɗin Saudiyya, aka ba mujahidai makamai don su yaƙi Tarayyar Sobiyat. Daga tokar wannan yaƙi, in ji shi, Alƙa'ida ta fito. Ya kuma ja hankali ga cewa jagororin tunanin siyasar Musulunci na zamani, irin su Maududi da Sayyid Ƙuɗub, ba daga zauren malaman gargajiya suka fito ba: na farko ɗan jarida ne, na biyu mai sharhin adabi ne.

3.0 Gwaji: Muhawarar 2015

A daren 13 ga Nuwamba 2015 aka kai hare-hare a birnin Faris, aka kashe mutum 130. An tsinci fasfo na Siriya kusa da gawar ɗaya daga cikin maharan, kuma ya tabbata cewa biyu daga cikinsu sun shigo Turai ta wani tsibiri na Girka a cikin ayarin masu gudun hijira. To amma yawancin maharan da aka gane 'yan ƙasar Faransa ne da Beljiyam, jagoransu ma a Beljiyam aka haife shi. Duk da haka, cikin 'yan kwanaki gwamnoni 31 daga cikin 50 na jihohin Amurka suka ce ba su yarda a kawo musu 'yan gudun hijirar Siriya ba, alhali kuwa dokar 1980 ta ɗora wannan iko ne a hannun gwamnatin tarayya. Adadin da ake wannan kace-nace a kansa mutum 10,000 ne kacal, waɗanda Shugaba Obama ya yi alkawarin karɓa, kuma tantance kowannensu yakan ɗauki wata 18 zuwa 24. A daidai lokacin nan Turkiyya tana ɗauke da Siriyawa fiye da miliyan biyu, ƙaramar ƙasa Labanan tana da kimanin miliyan ɗaya, Jamus kuwa ta karɓi masu neman mafaka wajen 890,000 a shekarar kaɗai.

Ranar 19 ga Nuwamba Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin tsaurara shigowarsu da ƙuri'a 289 a kan 137, ko da yake ƙudurin ya maƙale a Majalisar Dattawa. 'Yan takarar shugabancin ƙasa biyu, Jeb Bush da Ted Cruz, suka ba da shawarar a fifita Kiristocin Siriya. Ranar 7 ga Disamba, kwana biyar bayan harin San Banadino da ya ci mutum 14, Donald Trump ya yi kira da a rufe ƙofar Amurka ga Musulmi baki ɗaya.

A nan ne muke ganin ƙafar farko ta littafin ta tsaya daram. Mutumin da ya tsere daga Raƙƙa ko Halab, ya tsere ne daga wuƙar 'yan Da'ish ko daga bama-baman gwamnatin Asad, amma da ya isa bakin iyaka sai aka nemi ya tabbatar cewa shi ba irin wanda ya koro shi ba ne. Har ma muna iya cewa al'amarin ya zarce hasashen marubucin, domin a bakin wasu 'yan siyasa rabe-raben nan na na kirki da mugu ya rushe, ya zama sunan Musulmi kaɗai ya isa hujja.

Dokar hana shiga da Trump ya sa wa hannu ranar 27 ga Janairu 2017 ta ƙara fito da siyasar da ke ƙunshe cikin lamarin. Ƙasashe bakwai ta shafa: Iran, Iraƙi, Libiya, Somaliya, Sudan, Siriya da Yaman. Maharan 11 ga Satumba su 19 ne, 15 daga Saudiyya, biyu daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ɗaya daga Masar, ɗaya daga Labanan, amma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe huɗu a jerin. A Satumba 2017 aka sa Chadi, ƙasar da hedikwatar rundunar haɗin gwiwa mai yaƙi da Boko Haram take cikinta, sannan aka cire ta a Afrilu 2018. A Janairu 2020 aka hana 'yan Nijeriya takardar izinin ƙaura. Shugaba Biden ya soke dokar a Janairu 2021, aka kuma kafa sabuwa mai ƙasashe 12 a Yuni 2025, da Chadi da Sudan a ciki. A Turai ma, dokar ba da mafaka ta wucin gadi da Tarayyar Turai ta tanada tun 2001 ba a yi aiki da ita ba a 2015, sai a Maris 2022 aka buɗe ta ga mutanen Yukiren. Babu mai hankalin da zai yi ƙyashin alherin da aka yi musu, amma bambancin tarba guda biyun abin lura ne.

4.0 Inda Littafin Ya Yi Rauni

Ƙafa ta biyu ita ce muke da ja a kanta, ta fuska uku.

Na farko, batun madogara. Babin Afganistan ya jingina ƙwarai a kan rubuce-rubucen 'yan jarida, musamman littafin John Cooley na 1999. Cewa Amurka ta ba mujahidan Afganistan kuɗi da makamai ta hannun Pakistan, wannan babu gardama. Amma cewa ita ce ta reni Larabawan da suka zama Alƙa'ida kai tsaye, wannan magana ce da masu bincike suka yi saɓani a kanta. Steve Coll, wanda littafinsa a kan wannan yaƙi ya fito shekara ɗaya da na Mamdani, bai sami shaidar hulɗa kai tsaye tsakanin hukumar leƙen asirin Amurka da Usama bin Ladan ba. Salon Mamdani mai sauƙi ne, mai jan mai karatu, sai dai wannan santsi yakan sa a tsallake tazarar da ke tsakanin abin da ya tabbata da abin da ake zato.

Na biyu, a ƙoƙarinsa na kuɓutar da Musulmi daga zancen al'ada, marubucin ya kusa raba masu ta'addanci da aƙidarsu da zaɓinsu, ya mai da su tamkar kayan aiki a hannun wani. Gaskiya ne mamayar Iraƙi ta 2003 ita ta share wa Da'ish fage har ta kama Mosul a Yuni 2014, kuma faɗuwar Gaddafi a 2011 ta malalo da makamai zuwa arewacin Mali. Ruwa ba ya tsami banza. Amma mu da muke zaune a wannan yanki muna da misalan da ba su shiga wannan ƙwarya ba. Rikicin Maitatsine ya ci fiye da mutum 4,000 a Kano cikin Disamba 1980, lokacin yaƙin Afganistan bai wuce shekara guda ba, ya kuma sake tashi a Bulunkutu a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985. Boko Haram ta girma ne a Maiduguri da wa'azi a fili, ta rikiɗe bayan kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda cikin Yuli 2009, ba ta yi mubaya'a ga Da'ish ba sai a Maris 2015. Wanda zai fassara waɗannan dole ya dubi talauci, da zaluncin hukuma, da siyasar 'yan bangar zaɓe, da kuma aƙidar kafirta al'umma. Ba mu zargin marubucin da rashin sanin gaibu, amma ra'ayin da ya ce ya gano tushe, tilas ya iya ɗaukar irin waɗannan misalai.

Haɗarin da muka ambata tun farko yana nan. Idan aka karanta littafin da rabin ido, sai ya zama matashin kai ga mai son ya ce duk laifin na baƙi ne. Mun sha jin irin wannan magana a majalisu da ɗakunan malamai, har bayan harin babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba 2014, inda aka kashe masallata fiye da 100. Al'ummar da ta gamsu cewa cutarta daga waje take, ba za ta nemi magani a gida ba.

Na uku, idon littafin yana kan manyan ƙasashe da hukumomin leƙen asirinsu. Talakan da yaƙi ya kora bai sami babi nasa ba, alhali yaƙin Afganistan kaɗai ya kori fiye da mutum miliyan biyar zuwa Pakistan da Iran. Da an dubi lamarin daga wajen mai gudun hijira, da an ga cewa tuhumar wanda ya tsere ba halin Turawa ba ne su kaɗai. 'Yan Barno da suka ƙetara zuwa Diffa a Nijar, ko zuwa sansanin Minawawo da aka buɗe a Kamaru a 2013, sun gamu da irin wannan kallo. A Satumba 2017 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa tun daga 2015 sojojin Kamaru sun tilasta wa aƙalla 'yan Nijeriya 100,000 komawa gida, duk da cewa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 sun haramta mai da ɗan gudun hijira inda ransa yake cikin haɗari. A cikin gida ma, wane ne daga cikinmu bai taɓa jin yadda ake ƙyamar matan da aka ceto daga daji, da 'ya'yan da suka haifa a can ba? Mu ma muna da namu rabe-raben na na kirki da mugu.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa littafin Mamdani ya ba mu ma'auni mai kyau na gane lokacin da ake sa wa siyasa rigar addini, kuma muhawarar 2015 da dokokin da suka biyo bayanta sun gaskata shi. Mun kuma ga cewa tarihin da ya gina a kai bai wadatar ba, domin ya bar aƙida da dalilan cikin gida da muryar wanda aka kora a gefe.

Shawararmu ga malaman da suke sa wannan littafi cikin manhaja ita ce su koyar da shi tare da abin da ya saɓa masa, su kuma nemi ɗalibai su gwada hujjarsa da tarihin Kano da Maiduguri kamar yadda suke gwada ta da na Kabul da Bagadaza. Haka nan muna kira ga masu nazarin adabin baka su shiga sansanonin 'yan gudun hijira na yankin Tafkin Chadi, su tattara labaran mutanen da Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa tun masu ba da su suna raye. Wannan babi ne da Mamdani bai rubuta ba, kuma babu wanda ya fi mu cancantar rubuta shi.