Tungar Daji da kwas ɗin da muke rainawa

Mai karatu, ka san maganar da ake yi wa ɗalibin da jami'a ta bai wa fannin koyarwa ko nazarin zamantakewa: "Ayya, bai samu likitanci ba." Kafin ka sake faɗin haka, tuna abin da ya faru a Tungar Daji.

A shekarar 2010 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma. Sama da yara 400 suka rasu. Dutsen zinaren da ake haƙowa yana ɗauke da dalma, kuma cikin gida ake kai shi a daka a niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Tungar Daji na cikin ƙauyuka bakwai da aka kankare ƙasarsu aka zuba sabuwa daga 2010 zuwa 2011. Bagega kuwa sai 2013.

Likita ya ba da maganin da ke janye dalma daga jini, injiniya ya kwashe gurɓatacciyar ƙasa. To amma me ya sa dutsen ya shiga gida tun farko? Saboda a cikin gida mata ke sana'a, kuma kuɗin zinare ya fi na noma nesa ba kusa ba. Idan ka ce wa magidanci ya daina, me zai ci? Wa zai zauna da mai gari da liman a ware wurin niƙa a bayan gari? In ba a amsa waɗannan ba, dutse zai dawo, ƙasa ta sake gurɓata. Wannan aikin masanin zamantakewa ne da jami'in walwalar jama'a.

Ga kuma yaran da suka rayu. Illar da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa da magani. Yaron da ke goye a 2010 yanzu saurayi ne. Malamin da bai koyi gane mai larurar koyo ba, daƙiƙi zai kira shi, ya bi shi da bulala.

Sai dai kada ka ɗauka na wanke sassan nan na jami'o'inmu. Su ma da laifinsu. Ɗalibi zai shekara huɗu yana haddace Durkheim da Weber, ya rubuta furojet da takardar tambayoyin da abokan ɗakinsa suka cike masa, ya fita bai taɓa hira da uwar da ta binne ɗanta ba. Da Turanci ake koyar da shi, alhali da Hausa zai yi aiki. Gaskiya ne rashin tsaro ya sa shiga yankin Anka ya zama kasada, amma mutanen ƙauyukan da yawa sun yi gudun hijira zuwa garuruwa, ciki har da Gusau inda Jami'ar Tarayya take tun 2013. Ba sai an shiga daji ba za a same su.

Don haka in ƙanwarka ta samu gurbi a ɗaya daga cikin waɗannan fannoni, kada ka yi mata jaje. Tambaye ta wace unguwa ko makaranta za ta je aikin fili, kuma da wa za ta yi magana in ta isa.