Littafin "Mai Sa'a" na Michael J. Fox

Masu rubuta tarihin kansu iri biyu ne. Akwai mai yabon kai, akwai kuma mai faɗin gaskiya ko da za ta kunyata shi. Littafin Michael J. Fox mai suna Lucky Man, watau "Mai Sa'a", wanda aka buga a 2002, yana cikin kashi na biyu.

An haifi marubucin a Kanada a 1961, ya yi suna a Amurka wajen wasan sinima da talabijin. A 1990 ƙaramin yatsansa na hagu ya soma rawa shi kaɗai. A 1991 likita ya shaida masa ciwon Parkinson ne, alhali bai wuce shekara 30 ba. Wannan ciwo, wanda wani likitan Landan, James Parkinson, ya bayyana a 1817, yana kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu yin dofamin, watau abin da ke daidaita motsin jiki. Magani yakan rage karkarwa, amma ba ya warkarwa. Ciwon kullum gaba yake yi.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne labarin shekara bakwai da ya yi yana ɓoye ciwon. Ya kwatanta yadda yakan auna lokacin shan magani don kada hannu ya tona shi a gaban 'yan kallo, da yadda yakan riƙe wani abu a hannun don ya danne rawar. Bai kuwa rufa wa kansa asiri ba game da giyar da ya fake da ita, har ya bari a 1992. Mai karatu zai ga lalle wahalar ɓoyon ta kusa fin wahalar ciwon. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A 1998 ya sanar wa duniya, a 1999 kuma ya tsaya gaban 'yan majalisar dattawan Amurka bai sha magani ba, don su ga ciwon da idonsu.

To, ina sa'ar? A ganinsa, ciwon ya raba shi da ruɗin suna, ya komo da shi ga iyalinsa. Bai ce ciwo alheri ne ba. Abin da ya nuna shi ne, sai da ya yarda ciwon ya zauna ke nan, sa'an nan ya sami ƙarfin da dā yake ɓatawa wajen musu.

Duk da haka littafin yana da aibi. Tsakiyarsa ta cika labarin shahara har mai karatu ya ƙosa. Har wa yau, marubucin mai dukiya ne, yana da manyan likitoci. Talakan da kuɗin magani ke gagara ba zai ga kansa sosai a ciki ba. Fara'ar ma ta yi yawa. Shi kansa ya sake auna ta a wani littafi na 2020, bayan an yi masa aiki a ƙashin baya a 2018, ya kuma faɗi ya karye a hannu.

Wanda ke jiyyar mai doguwar cuta ya kamata ya karanta littafin nan, domin zai gane abin da mara lafiya ke ji amma kunya ta hana shi faɗa.