Kalmar "ba-ruwanmu" da ma'anar neutralité: ƴar suka

Gidajen rediyo da jaridun Hausa sun daɗe suna kiran ƙasashen da suka taru a Belgirad a 1961 da sunan "ƴan ba-ruwanmu". Kalmar ta zauna a bakin jama'a. Illa ta taso ne da aka riƙa ja da ita zuwa ga abin da Faransanci ke kira neutralité, alhali shi wani matsayi ne dabam a dokar ƙasa da ƙasa.

Ga manomin Bazaga, "ba ruwana" zare hannu ne: mai faɗin haka ya sauke wa kansa kowane nauyi. Yarjejeniya ta 5 ta La Haye, ta 1907, kuwa nauyi take ɗorawa. Sashe na 2 da na 5 sun wajabta wa ƙasar da ba ta cikin yaƙi ta hana masu yaƙi ratsa ta da soja ko makamai. Sashe na 11 ya ce ta tsare sojojin da suka gudo cikinta. Sashe na 10 ya yarje mata ta kori mai keta iyakarta da ƙarfi, ba tare da an lissafta ta cikin masu yaƙin ba. Suwis ta riƙe wannan matsayi tun 1815, Otirish tun 1955. Beljik ta riƙe shi, amma bai hana Jamus mamaye ta a 1914 ba.

Tarihin Nijar ya ƙara fito da bambancin. A lokacin yaƙin Biyafara (1967-1970), shugaba Diori Hamani ya karɓi ɓangarorin biyu a Yamai cikin Yulin 1968, amma gwamnatinsa tana goyon bayan haɗin kan Najeriya. Wannan sasanci ne. Dokokin 1907 kuma domin yaƙi tsakanin ƙasashe aka tsara su.

Saboda haka ya kamata masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su rarrabe abubuwa uku: "ba-ruwanmu" ga ƙin bin ɓangare a siyasar duniya, "tsayuwar tsaka-tsaki" ga neutralité, "sasanci" ga shiga tsakani. Ɗalibin da ke zaune dab da iyakar Birnin Ƙwanni da Illela, in aka koya masa kalma guda ga duka ukun, zai ɗauka ƙasar da ta tsaya tsaka-tsaki ba ta da aikin tsaron iyakarta.